Kyanwa Ba Ta Da Katin Zaɓe, Amma Mai Ita Yana Da Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Jalingo zuwa Wukari ya san Iware da shanu. Ranar kasuwa tun da hantsi kara take cika, dillalai na kai da komo tsakanin mai saniya da mai kuɗi, tireloli sun jeru suna jiran lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Can gefe guda ga 'yan hatsi da buhunan masara da shinkafa da gyaɗa, ga tulin doya. Idan rana ta faɗi aka watse, aka kulle shaguna da sito-sito, a lokacin ne aikin wata dabba ke farawa. Kyanwa ce ke kwana a tsakanin buhuna tana tsare su daga ɓera, amma ba ta cikin lissafin kowa. Ba a sayar da ita a kara, ba a karɓar haraji a kanta, da wuya a yi mata allura. Idan ta haihu a inda ba a so, sau da yawa a buhu ake zuba 'ya'yan a kai su bola ko bakin rafi.

Mutane da yawa za su yi mamakin jin cewa wannan dabba tana da gurbi a Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Jadawali na Huɗu, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kwashe shara, sannan ya ƙara da tsara yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare da kyanwa, da yadda ake zirga-zirga da su. Iware gunduma ce a ƙaramar hukumar Ardo Kola, mai hedikwata a Sunkani. Ke nan wanda tsarin mulki ya danƙa wa al'amarin kyanwar sito da karen unguwa ba a Abuja yake ba. Ciyaman ne da kansiloli, sai 'yan majalisar dokokin jiha su 24 da ke zama a Jalingo. Dukansu kuwa da ƙuri'a suke hawa kujera.

A nan ne katin zaɓe ya haɗu da haƙƙin dabba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mutumin Iware da ke shirin zaɓen 2027 ya kamata ya yi rajista a kan lokaci, ya karɓi katinsa, ya kuma saka maganar dabbobi, daga bijimin kara har kyanwar tsakar gida, a cikin tambayoyin da zai yi wa masu zuwa neman ƙuri'arsa.

Lafiyar gida da lafiyar kyanwa

Akwai wanda zai ce mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro da lalacewar hanya, ina ake ta kyanwa? Tambayar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai fifita dabba a kan ɗan Adam. Sai dai a Taraba lafiyar mutum da ta dabbar gidansa a igiya ɗaya suke ɗaure.

A ɗauki zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar ne a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ƙwayarta. Yana zuba fitsari da kashi a kan hatsi, ko garin rogon da aka shanya a gefen titi, ko tuwon da aka bari a buɗe, mutum ya ci ya kamu. Da rani cutar ta fi tsananta, lokacin da aka ƙone daji, ɓeraye suka gudo cikin gari, rumbuna kuma suna cike da amfanin gona. A rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC na 'yan shekarun nan sunan Taraba yana fitowa tare da Ondo da Edo da Bauchi a jerin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo tana karɓar irin waɗannan majinyata. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don kauce wa cutar akwai adana hatsi a mazubin da ɓera ba ya iya shiga, da kai shara nesa da gida, da tsabtace muhalli, da kuma ajiye kyanwa. Kyanwa ita kaɗai ba ta kawar da Lassa, amma tana cikin masu tsaron ƙofa, kuma gidan da ya kore ta ya rage wa kansa kariya.

Abin da ake maye gurbinta da shi kuwa shi ne shinkafar ɓera, wadda ake tallarta a baro ko a faranti a kowace kasuwar ƙauye. Gubar ba ta tsayawa a kan ɓera. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma mutuwa take yi, kaji su tsattsaga su mutu, wani lokaci yaro mai rarrafe ya kai hannu. Gida ya rasa mai gadinsa, ɓerayen maƙwabta su dawo bayan 'yan makonni, a sake sayo guba.

Sai ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa yaron da ke wasa da ita. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Rigakafin yana nan: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa allurar, duniya kuma ta ware 28 ga Satumba don tunatarwa a kan cutar, da burin a daina rasa rai ta dalilin cizon kare nan da 2030. Abin da ya rage shi ne wanda zai saka kuɗin allurar a kasafi, ya samar da firij da abin hawa, ya turo malamin dabbobi unguwa-unguwa. Wannan aikin zaɓaɓɓu ne.

Bayan lafiya akwai amana. Musulmin Iware ya taso yana jin labarin matar da ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu, da azabar da matar ta gamu da ita saboda haka. Kiristan Iware shi ma ya san littafinsa ya yabi mutumin kirki da kula da ran dabbarsa. A tarihi an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar wani lambu a Alƙahira wakafi don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Duk da wannan gado, har yau akwai unguwannin da ake jifan baƙar mage da sunan mayya ce ko aljana, yara su taru a kan muzuru da duwatsu manya na kallo. Camfi ne ke jawo haka, kuma wa'azi da doka ne za su haɗu su kashe shi.

Dokar tana nan, tana barci

Ba a rasa doka ba. Kundin hukunta laifuka na Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, jihohi kuma suka gaje shi, ya haramta dukan dabbar gida da azabtar da ita a sashe na 207, har da shirya faɗan raguna ko na zakaru, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Sashe na 208 ya taɓo ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta, da sa mara lafiya ko mai rauni aiki, da yin sakaci da ita har ta wahala. A Kudu, sashe na 495 na Criminal Code ya tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira hamsin, kuɗin da yau ba ya sayen ƙullin gishiri a wasu kasuwannin. A 2022 an sabunta dokar tarayya ta yaƙi da cututtukan dabbobi, wadda ta maye gurbin ta 1988, a 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya.

A takarda, an yi aiki. A ƙasa kuwa dokokin sun zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Shanu na shan doguwar tafiya a tirela a cunkushe, wasu a ɗaure a kwance, rana na dukansu, ba ruwa ba ciyawa. Tun da ambaliya ta karya gadar Namnai a 2024, a kan wannan hanya ta Jalingo zuwa Wukari, tafiyar ta ƙara wuya ga mutane da dabbobi baki ɗaya. Saniyar da ta isa Kudu a galabaice ta rage nauyi, fatarta ta ƙuje, farashinta ya faɗi, wadda ta mutu a hanya kuwa asara ce tsantsa. Tausayin dabba a nan riba ce ga falke, ba sadaka ba. Idan saniyar da ke kawo kuɗi haka take sha, ba sai an faɗi halin da kyanwa ke ciki ba.

Mutanen Taraba sun riga sun ga yadda dokar dabbobi ke fitowa daga zauren majalisa ta iso har bakin kara. A 2017 majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar hana kiwon sake da kafa wuraren kiwo na zamani, Gwamna Darius Ishaku ya sa mata hannu, aka shirya ta fara aiki a Janairun 2018. Manoma da yawa sun goyi bayanta saboda ɓarnar gonaki, ƙungiyar Miyetti Allah da makiyaya da yawa sun ƙi ta saboda suna ganin za ta yanke musu hanyar rayuwa. A Fabrairun 2018, bayan zuwan kwamitin da Gwamnan Ebonyi na lokacin, David Umahi, ya jagoranta, aka dakatar da aiwatar da ita don a sake dubawa. Ko wane ɓangare mutum yake, darasin ɗaya ne: mutum 24 da aka zaɓa sun yi dokar da ta shafi kowace saniya a jihar. Wanda bai je rumfar zaɓe a 2015 ba, bai sa baki wajen zaɓo waɗanda suka yanke hukuncin ba, amma hukuncin ya same shi har gida.

A wasu ƙasashe ta wannan hanya aka bi aka kare dabbobin gida. Turkiyya, wadda birninta Istanbul ya shahara da kyanwoyin titi, ta yi dokar kare dabbobi a 2004, ta kuma gyara ta a 2021 ta yadda azabtar da su zai iya kai mutum gidan yari. Jihar New York ta Amurka ta hana cire wa kyanwa farata a 2019 sai da dalilin lafiya. A Ingila, tun 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a sa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wanda ya ƙi zai iya biyan tarar da ta kai fam 500. Ko a nahiyar nan, Tarayyar Afirka ta amince a Fabrairun 2024 da a hana yanka jakai don fatarsu. Iware ba ta buƙatar na'urar Ingila. Abin ɗauka shi ne yadda aka kai ga dokokin: masu ƙuri'a ne suka yi ta damun wakilansu har maganar ta shiga zaure.

Kati tukuna

Kafin a dami wakili sai an mallaki abin da yake tsoro. A zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta INEC tana da mutum miliyan 93.4 a rajista, fiye da miliyan 87 sun karɓi kati, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari. A Taraba masu rajista sun ɗan haura miliyan biyu, ƙuri'un da aka ƙirga a ranar kuwa wajen rabin miliyan ne. A cikin kowane mutum huɗu, uku sun zauna a gida. A inda fitowa ta yi ƙaranci haka, ƙuri'un mahauta da dillalai da 'yan hatsi na gunduma ɗaya sun isa su juya sakamakon kujerar kansila, har su girgiza ta ɗan majalisar jiha.

INEC ta sake buɗe rajista a 2025, ta intanet daga 18 ga Agusta, a ofisoshinta kuma daga 25 ga watan. Sharuɗɗan ba su da wuya. Mutum ya kasance ɗan Nijeriya, ya cika shekara 18, ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsa na asali. Wannan ya shafi fatake da direbobi da 'yan lodi da suka zo Iware neman abinci suka zauna: suna da damar yin zaɓe a nan. Ko an fara cike bayanai a waya, dole mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Rajista kyauta ce, kati ma kyauta ne, kuma ba a aika wani ya karɓo wa wani.

Wanda ya taɓa yin rajista kada ya sake. Idan ya ƙaura, ya nemi a mayar da sunansa rumfar da ke kusa da shi. Idan katin ya ɓata ko ya lalace, ya nemi a sauya masa. Rajista sau biyu laifi ne, kuma na'ura tana kamawa: cikin sababbin rajista miliyan 12.2 da aka yi kafin zaɓen 2023, hukumar ta soke fiye da miliyan 2.7, ciki har da na waɗanda suka maimaita. Idan aka liƙa jerin sunaye don jama'a su duba, a je a duba, domin a lokacin ne ake gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, a kuma cire na mamata. Ana rufe rajista watanni kafin ranar zaɓe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Matan aure da 'yan mata da mazauna rugage su ne aka fi bari a baya, don haka maigida da ardo da shugabannin mata suna da aikin tabbatar da cewa kowa ya je.

Ranar zaɓe a san rumfa tun kafin ranar, a tafi da kati, na'urar BVAS ta tantance mutum da yatsa ko da fuska. A zaɓen 2023 an tsara buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi da 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin kuma sai ya jefa tasa. A dangwala a cikin gida ɗaya tak, a kula kada tawada ta taɓa wani gidan, a tsaya a ga ƙirge da liƙa sakamako. Zaɓen ciyaman da kansila kuwa hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, a ranar da ta sa, amma da rajistar INEC da katinta ake yi. Shi ne zaɓen da aka fi rainawa, alhali shi ne ya fi kusa da kasuwa da kwata da bola. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ya ƙara wa wannan kujera nauyi.

Abin da za a tambayi ɗan takara

Ɗan takara yakan zo da alkawari mai faɗi: zai kawo ci gaba, zai tallafa wa matasa. Mai ƙuri'ar da ya shirya sai ya matse shi da ƙananan tambayoyi masu amsa. Ga mai neman kansila ko ciyaman: Ranka ya daɗe, cikin harajin da ake karɓa a kan kowace saniya a kara, nawa zai koma wajen kwamin shan ruwa da rumfar inuwa da dandamalin lodi? Yaushe za a sa rana ɗaya a shekara ta allurar karnuka da kyanwoyi kyauta a kowace gunduma? Wa zai sa ido a kan masu tallar shinkafar ɓera a kusa da kayan abinci? Ina duba-gari, kuma yaushe za a kwashe bolar da ke kiwon ɓeraye? Majalisar ƙaramar hukuma tana da ikon yin dokar cikin gida a kan duk waɗannan.

Ga mai neman majalisar jiha: zai kawo ƙudirin da zai sabunta hukuncin zaluntar dabba, ya sa tara mai ma'ana, ya ƙayyade yawan shanun da tirela za ta ɗauka? Zai nemi a ɗauki ƙarin likitocin dabbobi, a gyara asibitocinsu, a sauƙaƙa yi wa karnuka da kyanwoyi aikin hana haihuwa, don a daina zubar da 'ya'yansu a rafi? Ga mai neman kujerar tarayya, ta Karim Lamido da Lau da Ardo Kola ko ta Sanatan Taraba ta Arewa: me zai yi a kan gadar Namnai, da kuɗin Cibiyar Vom, da kason Taraba a sabuwar ma'aikatar kiwo?

Tambayar mutum ɗaya takan bi iska. Ta ƙungiya ba ta bi. Iware tana da sarkin fawa da shugabannin dillalai, da ƙungiyar direbobi, da 'yan hatsi, da limamai da fastoci, da malaman makaranta. Idan waɗannan suka zauna kafin yaƙin neman zaɓe ya yi zafi, suka rubuta buƙatu biyar a takarda ɗaya, suka sa kowane ɗan takara ya amsa a gaban jama'a, an sami abin riƙewa. Bayan rantsuwa sai a bi sawu: a nemi ganin kasafin ƙaramar hukuma a Sunkani, a halarci zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa a Jalingo, a kai wa wakili kwafin takardar da ya amsa. Matashin da ya ga ba a saurare shi ba yana iya tsayawa da kansa, domin gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Sashe na 110 na tsarin mulki kuma ya ba mazaɓa damar yi wa ɗan majalisar jiha kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu a takardar koke, kuma sa hannun wanda sunansa ke cikin rajista ne kawai ake ƙirgawa.